Hoton Hannun Mai Agogo

Tun da hannunsa na dama ya fara rawa, Mai Agogo ya ba shi masauki a aljihu, a can yake wuni. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba da bakin hantsaki, yau kofin shayi ma sai hagu ya kawo ɗauki. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Ya dai rufe shago, ya kwaso teburin aikinsa ya ajiye a bakin tagar falo, ya kafa dokar kada wanda ya ɗora kwano a kai.

Matarsa ce ta fara lura da tabon, wani baƙin ɗigo a bayan hannun, kusa da babban yatsa, ta kuma dage cewa yana ƙara faɗi. Likita ya ce kafin a yi maganar yanka sai an ɗauki hotonsa da wata na'ura. Ita na'urar ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Tana haska fata da shuɗin haske ta ɗauka, ta sake da kore, da ja, har da wani hasken da ido ba ya gani, kowanne yana nuna abin da ke wani zurfi na fatar. Daga nan a ɗora hotunan kan juna a karanta. In hannu ya gusa tsakanin wannan haske da wancan, hotunan ba za su hau juna ba, aiki ya ɓaci.

A zuwan farko aka ɗaure masa hannu da maɗauri, aka danne da jakar yashi, ana ta ce masa, "Baba, daure kaɗan." Ya daure har gumi ya karyo masa, hannun kuwa ko a jikinsa. Hoton ya fito kamar an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ya dawo gida ya ce shi ba akuya ba ne da za a yi ta ɗaure shi, tabon ya yi abin da ya ga dama.

Sai aka kira Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda aikinta ke nan, koya wa kwamfuta karanta irin waɗannan hotuna.

"Baba, wannan karon ba mai ɗaure ka," in ji ta.

"To wa zai riƙe shi? Ni mai shi ma ba ya jin maganata."

"A bar shi ya yi rawarsa. Mu za mu bi shi."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ka tashi ka je. In hannu ya ƙi jin magana ai ba a ƙasa ya tsinta ba."

Ya harare ta, amma ya nemi takalmansa.

Ɗakin ƙarami ne, an ja labule, na'urar na sunkuye bisa wani farin tebur. Auta ta zaro alƙalami ta ɗiɗɗiga masa tawada kewaye da tabon. Ta ce tawadar nan tana fitowa a kowane irin haske. Kwamfuta za ta nemi ɗigon a kowane hoto, ta ja wannan, ta ɗan juya wancan, har sai ɗigo ya hau ɗigo.

Ya ƙura wa ɗigon ido. "Ai haka nake yi wa kayan cikin agogo alama kafin in kwance, don kowa ya koma mazauninsa."

"A ina kake zaton na gani?"

Duk da haka, da aka kashe fitila sai ya ƙanƙame hannun, ya cije leɓe. Auta ta ce, "Baba, saki. Aikina kake so ka ƙwace."

Sakin ya yi masa wuya fiye da ɗaurin. Kunya ce tsagwaronta, a ce hannun da ya koya wa yarinyar nan riƙe alƙalami yana karkarwa a gabanta, ga haske a kansa. Amma ya saki. Shuɗi ya wuce, kore ya wuce, hannun na ta sha'aninsa. Da ya ɗaga ido sai ya ga Auta ta riƙe numfashi, yatsanta a kan maɓalli, daidai yadda yake yi in zai ɗora hannun agogo. Dariya ta kusa kuɓuce masa.

Ta juyo masa da allon kwamfutar. Da farko hotunan suna ta tsalle, kowanne ya kama gabansa. Sai suka fara matsowa, ɗigo na neman ɗigo, har suka zauna. Ga hannu nan a kwance, ko gezau. Ga ƙunar dalma a gefen yatsa, ga kantar da hantsaki ya bari, ga kowace jijiya a inda take.

Likita ya shigo, ya daɗe yana dubawa, ya ce tabon a saman fata yake, bai ga abin yanka ba, a dai dawo nan gaba a sake gwadawa. Auta ta sauke ajiyar zuciya. Mai Agogo ya yi hamdala, amma idonsa bai bar allon ba.

"Auta, ana iya fitar mini da shi a takarda?"

"Sakamakon?"

"Hannun."

A gida ya jingina hoton a kan teburin da ba a ɗora wa kwano. Matarsa ta gama murnarta, ta zo ta tsaya a kansa.

"Mutane na ajiye hoton fuska, kai hannu ka samo?"

"Fuskar ai kullum kina ganinta," in ji shi. "Wannan ne na daɗe ban gan shi a zaune ba."

Ya ja kujera, ya ɗora hannun a gefen hoton. Yana ta rawarsa, ko tawadar ba ta gama fita ba. Da maƙwabci ya yi sallama a ƙofa, hannun nan ya miƙa masa.