Bokitin Ɗakin Sanyi

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma manajoji huɗu na ga bayansu a kamfanin nan na masu haɗa manhajar kwamfuta. Shekara ashirin da shida makullai da tsintsiya na hannuna. Gobara ma ta zo ta same ni, ta tafi ta bar ni.

Kullum da safe ma'aikatan kan tsaya cirko-cirko gaban allo mai cike da 'yan takardu masu launi, kowa ya faɗi aikinsa na jiya. Gwaninsu shi ne Dogo, mai cewa rubutu ɓata lokaci ne. Da ya bar aiki manhajar ta tsaya cak, sati biyu ba wanda ya san inda ya ƙulla ta. Sai Manaja ta kafa doka: kowa ya rubuta abin da ke kansa.

Har ni, da ya rage mini wata guda in ajiye aiki.

"Baba, kai faɗa, ni in rubuta," in ji ta.

"'Yata, kan nan ya fi injinanku. Bai taɓa neman caji ba."

"Haka Dogo ya ce."

Na faɗa mata makullin da sai an ɗaga ƙofa yake juyawa, da fis ɗin lantarkin da ke yawan ƙonewa. Abu ɗaya na riƙe: bokitin da ke bayan na'urar sanyaya ɗakin manyan kwamfutoci. In ba a zubar da shi duk Laraba ba, ruwa zai malalo. Na ce a raina, Laraba biyu, za su neme ni.

Na ajiye aiki, na koma ɗakina. Tun rasuwar matata ba mai cewa da ni sannu sai rediyo. Na ajiye waya kan matashi, caji cike. Laraba bakwai, ko tari ba ta yi ba.

A ta takwas na wanke riga na tafi, wai na zo wucewa ne. Na leƙa bayan na'urar. Bokiti wayam, ga 'yar takarda rawaya manne a bango.

"Wannan fa?"

Manaja ta karanta mini: "A zubar duk Laraba, yadda Baba ke yi." Ta yi murmushi. "Shekara uku ina ganinka da shi."

"To, ai ni na koya miki," na ce.

Aka kira ta gaban allo. Na tsaya ni da bokitin, ina shafa takardar, ina neman wace kalma ce Baba.