A Kafaɗa Zai Fita

Amalanken mai gawayi Siprian ya samo. An wanke shi, an shimfiɗa masa sabuwar tabarma, amma baƙin ya ƙi fita daga tsagin katakon. Bi Priska, wato Malama Priska, ta leƙo ta tagar bene ta gan shi a ƙofar gida. A cikin wannan abin za a tura gawar mijinta, dattijon da ake kira Mzee Barnaba, zuwa coci.

"Mama, to yaya kike so in yi?" in ji Siprian, ɗansu, wanda jirgin ruwa ya kawo jiya daga Dar es Salaam. "Mota ba ta shiga lungunan nan, kin fi ni sani. Mutanen cocin da suka zo kuwa, ga su nan, dube su."

Ta dube su. 'Yan tsofaffi ne zaune a zaure cikin baƙaƙen kwat, su kansu neman mai riƙe su suke yi. Samarin cocin sun watse, wasu sun bar tsibirin sun haye babban yanki, wasu suna can otal-otal na bakin teku suna ɗauko wa Turawa tawul. Sun ce za su tarar da gawa a coci in an sallame su.

Da ma Barnaba bai bar wasiyya ba, ai da sauƙi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana kaɗa ƙararrawar cocin Mkunazini ba ya faɗin magana a hankali. "Kakana da ƙafa ya shigo Zanzibar, da sarƙa a wuya," haka yake cewa. "Ni kuwa a kafaɗa zan fita, Priska. Kada ki bari a gangara ni kamar buhun rogo." Kakan nan nasa yana yaro aka 'yanto shi, ya girma a hannun 'yan mishan, ya ɗauki dutse a ginin cocin da aka kafa a tsohuwar kasuwar bayi. Duk da haka, in baƙo ya ji sunan Barnaba sai ya tambaye shi daga wane gari ya zo. Ba abin da yake ƙona masa rai kamar wannan. Sai ya ja mutum har gindin ganuwar tsohon sansani, ya nuna masa wasu duwatsu ya ce ragowar ɗakin ibadar Kirista ne, tun kafin a haifi kakan kakan mai tambayar.

Akwai maza a lungun, ba ƙarancinsu aka yi ba. Ga su can a dakali suna shan gahawa, har da Maalim Kombo, ladanin masallacin unguwa, abokin Barnaba tun suna yawo ba wando. Ya zo gaisuwa tun jiya, ya zauna, hawaye na bin gemunsa. Matarsa Mwatima ita ta kwana a kan tukunyar shinkafa. Amma ɗaukar akwatin Kirista wani abu ne daban, Bi Priska ba ta taɓa ganin an yi ba, don a da cocin na da isassun kafaɗu. Tana tsoron su ce a'a, ta fi tsoron su ce to don kunya. Kowa ya roƙi maƙwabci abin da ya fi ƙarfinsa, shi ya jawo a daina gaisawa. Don haka ta haɗiye maganar, ta ɗauko farin mayafi ta rufe akwatin, ko ba komai baƙin gawayi ba zai taɓa shi ba.

Siprian ya kama gaba, tsofaffin suka kama baya, aka fito da Barnaba. Tsakanin ƙofa da amalanke ba nisa, amma ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi tuntuɓe, akwatin ya karkata.

A tsohon gari gawa ba ta wuce namiji yana zaune. Ba wanda ya tuna ranar da aka koya masa wannan, kamar yadda ba wanda ya tuna ranar da ya koyi cin abinci da dama. Kafin Bi Priska ta ƙifta ido dakalin ya zama wayam. Maalim Kombo ya ajiye ɗan kofinsa ya cusa kafaɗa a ƙarƙashin akwatin.

"Ina za ku sa shi? A wannan?" Ya harari amalanken. "Kai Siprian, birni ya ɓata ka. Mutumin nan tun muna yara yake cuta ta a dara, yau kuma ka hana ni in ɗauke shi in ji nauyin alhakina?"

"Baba Kombo, ai na ga kamar..."

"Daina gani. Ɗaga."

Tela ya shiga, mai gahawa ya shiga, mai sayar da turare ya jawo ƙofar shagonsa ya shiga. Akwatin ya hau sama. Bi Priska ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Mwatima ta riƙe ta. "Taho mu je, Maman Siprian. In kika tsaya kuka za su bar mu, kin san mazan nan ba su iya tafiya da gawa a hankali ba."

Gaskiya ta faɗa. Kirista kan raka mamaci da waƙa, ana taku kamar ana tsoron tada shi. Mutanen lungun kuwa sauri suka sani. Mutum ya shiga ta gaba, ya yi 'yan taku, wani ya dafa shi ya karɓa, shi kuma ya zame baya. Duk kwanar da aka sha sai sababbin kafaɗu su fito daga shaguna da zauruka, ba mai tambayar wane ne a ciki. Tsofaffin coci suka fara waƙarsu, numfashi ya gagare su, aka bar su a baya tare da waƙar. Maalim Kombo ma, da aka karɓe shi, ƙafarsa mai ciwo ta hana shi cim musu.

Da aka fito fili ta gindin ganuwa, iskar teku ta ɗaga gefen mayafin. Wasu Turawa da jajayen kafaɗu suka ja da baya suna ɗaga wayoyi. Bi Priska ta ji ɗan jagoransu yana yi musu bayani cikin gadara, wai su kalli yadda Musulmin tsibiri ke kai mamacinsu. Da a ce Barnaba na iya tashi, da yaron nan ya sha jan hannu zuwa duwatsun can. Ta so ta yi masa magana, amma akwatin ya riga ya sha kwana.

Kwanar ce ba daidai ba. Hanyar coci hagu take, su kuwa dama suka yi. Waɗanda ke gaba yanzu duk sababbi ne, suna ta kalmar shahada a hankali, ƙafafunsu na bin hanyar da suka saba bi da kowace gawa. Siprian na ɗaga hannu yana magana, taron ya shanye muryarsa. Ba su tsaya ba sai a ƙofar wani masallaci.

Nan Maalim Kombo ya iso yana haki, hularsa a hannu.

"Ku dakata, bayin Allah. Ina za ku da shi?"

"Sallah, Maalim," in ji wani mai sayar da kifi.

"Wace sallah? Barnaba ne. Barnaba mai ƙararrawa."

Mutane suka dubi juna ta ƙarƙashin akwatin. Wani saurayi mai ɗan gemu ya tsuke fuska, ya zare kafaɗarsa, ya koma gefe yana kaɗe riga. Akwatin ya sunkuya ta wajensa. Bi Priska ta ji kunya da tsoro sun rufe ta lokaci guda. Abin da ta guda tun safe ga shi ya zo, kuma a tsakiyar gari, nesa da gida, nesa da amalanken ma.

Ta matso. "Maalim, ku sauke shi," ta ce. "Kun yi abin da ya fi ƙarfin maƙwabtaka. Siprian zai koma ya turo amalanken."

"Maman Siprian, a ina kika taɓa ganin an sauke gawa a hanya?" Ya juya ga mazan. "Wanda ya ga ba zai iya ba, ba a tilasta masa, ga hanya. Amma wanda aka ɗauka sai an kai shi gidansa."

Shi da kansa ya shiga gurbin da saurayin ya bari, da ƙafar tasa mai ciwo. Wasu 'yan kaɗan suka bi saurayin suka tafi. Sauran suka gyara tsayuwa. Mai kifi ya sosa ƙeya da hannun da ba ya riƙe da komai.

"Wallahi ƙafa ce ta kawo mu, Mama. Ki yi haƙuri."

Ba ta san lokacin da dariya ta kufce mata ba, hawaye na zuba. "Ba laifinka ba ne, ɗana. Maalim ne. Tun suna samari yake jan Barnaba zuwa ƙofar nan, yana ƙi. Yau da ya ga ba ya iya musu, ya so ya yi masa wayo."

"Saura ƙiris," in ji Maalim Kombo daga ƙarƙashin akwatin. "Ko a mace gardama yake yi. Ku juya, ta hagu."

Aka juya. Wannan karon ba mai cewa komai, sai ƙarar takalma a kan dutse. Ba su san waƙar coci ba, kuma sun ga bai dace su ci gaba da tasu ba, sai suka ba shi shiru. A hanya suka tarar da tsofaffin coci zaune a wani dakali suna mayar da numfashi, suka miƙe suka bi baya.

Limamin coci na tsaye a ƙofa cikin farar riga, yana jiran amalanke da mutum biyar ko shida. Sai ya ga huluna sun cika harabar. Masu ɗaukar suka ja birki a bakin matakala, suna duban wanda za su miƙa wa. Babu kowa, samarin otal ba su iso ba. Limamin ya dubi Maalim Kombo, Maalim Kombo ya dube shi.

"Ku shigo da shi," in ji limamin, ya matsa gefe.

Bi Priska da Mwatima su ne na ƙarshe, don ƙafa ta gaji. Ko da suka iso mazan sun shige. Abin da suka tarar a kan matakalar shi ne takalma. Silifa na roba, takalman fata, na mai kifi da ɓawon kifi manne a jiki, an jera su bi da bi har ƙasa. Ba wanda ya ce su cire. Sun ga ɗakin ibada ne, suka yi abin da suka saba.

Tun tana yarinya take hawa matakalar nan, ba ta taɓa rasa inda za ta sa ƙafa ba sai yau. Daɗi da kewa suka haɗu suka cika mata ƙirji, ta ji da ma Barnaba ya leƙo ya gani. Ta dafa kafaɗar Mwatima, ta sunkuya ta cire baƙaƙen takalmanta na zuwa coci, ta nemi ɗan wuri kusa da na mai kifi ta ajiye, sannan ta shiga.