Mai Igiya da Mai Makunni

Uban da yake murna idan sama ta haɗe don ya san ɗansa zai zo, son ɗan yake yi ko son kansa? Ni dai ban sani ba, Reino Kangas ma bai sani ba, ko da yake ya kwashe hunturu guda yana juya maganar a ransa.

Reino tsohon ma'aikacin katako ne, gidansa na bayan garin Calumet, inda dusar ƙanƙara ke tasowa daga tafki ta binne shinge kafin Kirsimeti. Tun rasuwar matarsa Aili yake zaune shi kaɗai. Kafaɗarsa ta dama ta daina aiki irin na da, ko butar gahawa da hagu yake ɗauka. Hanyar motarsa kuwa doguwa ce, daga gareji har bakin titi, kuma duk lokacin da motar share titi ta wuce sai ta tara masa tudu a ƙofa, mai tauri kamar daɓe.

Ɗansa Dennis yana can Baraga da iyalinsa. Shi da uban ba su taɓa yin faɗa ba, ba su kuma taɓa yin hira ba. Aili ce take tsakaninsu, ita ke gaya wa wannan abin da wancan yake nufi. Da ta tafi sai wayar gidan ta yi shiru. Amma duk safiyar da aka kwana ƙanƙara na zuba, Reino zai ji ƙarar motar Dennis tana tsayawa a bakin titi. Dennis zai sauko da shebur ya fara daga can, uban ya fara daga gareji yana tura ɗan abin da hannu ɗaya zai iya, su haɗu a tsakiya. Daga nan su shiga kicin, gahawa da burodi mai zaƙi da suke kira nisu, Dennis ya ce na Mama ya fi wannan, Reino ya ce ai na kanti ne. Maganar ke nan kullum. Reino kan ajiye kofin da Dennis ya sha a bakin taga har yamma kafin ya wanke.

Sau da yawa Dennis ya ce su sayi injin feshe ƙanƙara. Reino ya ce ƙararsa tana hana mutum jin tunaninsa, ga warin fetur, kuma kakanninsu da shebur suka tsufa.

Ranar wata Lahadi sai Colleen, matar Dennis, ta kira. Ta gaya masa abin da mijinta ya ɓoye: makon da ya wuce, a kan hanyar zuwa Calumet, iska ta rufe masa gani, motar ta sulale ta faɗa kwari. Mai babbar mota ne ya jawo shi, ya kuma ƙarasa gidan uban ya yi shara kamar ba abin da ya faru. Reino ya tuna ranar. Dennis ya makara; shi kuwa ya ɗauka barci ne ya riƙe shi.

"Baba, ni ba ya jin maganata a kan wannan," in ji ta. "Ku ne kawai za ku ce masa kada ya zo, ya zauna."

"Ban taɓa cewa ya zo ba," in ji Reino. "Ba zan ce kada ya zo ba."

Ya ajiye wayar yana jin daɗin amsar, don gaskiya ce. Kafin gahawarsa ta huce daɗin ya gushe.

Bayan kwana biyu ya tafi kantin Waino Lahti, abokinsa tun suna makaranta. Waino na ganinsa a wajen layin injina ya ce yau kam za a ga rana a Janairu, tsohon jaki ya zo neman magaji. Reino ya ce kallo kawai ya zo yi, mai kanti ya rage baki.

Waino ya bi da shi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙarami ne, na mutanen kudu, ba zai ci tudun motar share titi ba. Wannan faɗinsa ya fi ƙofar garejin. Suka rage biyu, kusan kamanninsu ɗaya. Na farko ja ne, yana tafiya da kansa, kuma makunni gare shi: a jona shi da wutar gareji, a danna da yatsa, ya tashi. Na biyu kore ne, ba ya tashi sai an fizgi igiya da ƙarfi.

"Jan shi ne naka," in ji Waino. "Ko jaririya za ta tayar da shi."

"Ba na son abin wuta. Koren nake so."

Waino ya dube shi ta saman tabarau. "To ja mu gani, sarkin ƙarfi."

Reino ya kama igiyar da hagu ya ja. Ta zo rabi ta koma da hannunsa. Ya gwada da dama, zafi ya harba masa har wuya. Injin ko tari bai yi ba.

Waino bai yi dariya ba, wannan ne ya fi yi wa Reino ciwo. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa, ya tambaya a hankali wa zai riƙa tayar masa da shi. Reino ya ce akwai mai tayarwa. Ya ƙara da cewa ai an sayi inji ke nan, Colleen ta samu abin da take so, aikin ya ragu, gadon bayan yaron ya huta.

"Bayansa zai huta," in ji Waino. "Hanyar Baraga fa, ita ma igiya za ta rage mata santsi?"

Wani ya shigo neman gishirin zubawa a matakala, Waino ya tafi ya bar shi tsakanin injinan biyu.

Reino ya tsaya yana shafa hannun koren. Ya ga yadda abin zai kasance, ya gan shi sarai: ƙarar mota a bakin titi, Dennis ya sunkuya ya fizgi igiya, shi kuma yana daga baya yana cewa ba haka ake ja ba. Kofi biyu. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, ba wanda zai ce ya roƙa. Ya ga ɗayan ma: yatsa ɗaya, hanya ta buɗe kafin gari ya gama wayewa, titi shiru, burodin ya bushe a kan tebur. Wataƙila Dennis ya zo da bikin Ista. Wataƙila ya riƙa kira, su yi shiru tare a waya, abin da ba shi da daɗi kamar yin shiru a kicin.

Ta gilashin kantin ya hango sama ta duhunta ta wajen tafki. Fararen ƙwayoyin ƙanƙara sun fara saukowa a karkace, ƙanana, irin waɗanda ba sa tsayawa da wuri. Ya ji zuciyarsa ta yi tsallen nan da ta saba yi in ta gan su, ya ji kunyar tsallen.

Da Waino ya dawo, Reino bai dube shi ba. Ya nuna jan da haɓa, ya ce a sa masa a bayan mota, a kuma nuna masa inda ake jona wayar. Waino ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa.

A gida ya tura injin gareji, ya jona, ya danna. Ya tashi nan take, da ƙara mai cika kunne, kamar dama jira yake yi. Ya kashe shi. Ya shiga kicin bai cire hula ba, ya tsaya gaban wayar da ke jikin bango har ƙanƙarar takalminsa ta narke ta yi ɗan tafki a ƙasa.

Da ya buga, Dennis ne ya ɗauka, da mamaki a muryarsa, ya tambaya ko lafiya. Ya ce ya ga za a kwana ana zuba, da sassafe zai taso.

Reino ya dubi kofin da ke kife a bakin taga.

"Na sayi inji," in ji shi. "Mai makunni. Gobe kada ka zo."