Huzamar Hajara a Kudai

Tun da aka rushe gidansu na unguwar Nakkasa a Makka, Hajara ba ta sake sa hannu cikin ƙasa ba. A can tana da ɗan tsakar gida a jikin dutse, da lalle da na'ana'a a tsofaffin garewani. Yanzu kuwa gidan haya ne a hawa na uku a Kudai, taga ɗaya tana kallon tashar motoci. Abin da ya biyo ta kawai shi ne sana'ar haɗa humra da turaren wuta, wadda ta gada wurin kakarta da ta zo Makka ta hanyar Sudan.

Wata rana ta kai kayan ƙamshi gidan biki a Shafa, can saman duwatsun Ɗa'ifa. A bakin ƙofa gefen abayarta ya goge wani ɗan tsiro mai ganye ruwan toka da shuɗin fure. Ƙamshi ya tashi, mai sanyi, irin wanda ba ta taɓa samu a kwalba ba. Aka ce mata huzama ce. Ta roƙi 'yan rassa, ta ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, ta sauko da su Makka.

Ƙanenta Mukhtaru ya yi shekara ashirin yana aiki a mashtal, inda ake renon shuke-shuke ana sayarwa. Da ya ga rassan sai ya yi dariya.

"Yaya, kada ki wahalar da kanki. Wannan 'yar sanyi ce. Mu ma daga Ɗa'ifa muke kawo ta, wata guda a nan ta sunkuyar da kai."

"Kai dai ka kawo mini ƙasa," in ji ta.

Ya kawo mata baƙar ƙasa mai taki. Ta dasa, tana ba su ruwa safe da yamma kamar yadda ta saba yi wa na'ana'a. Kwana tara gindinsu ya yi baƙi, suka ruɓe. Karo na biyu ta sa aka kawo mata wasu rassan daga Shafa, ta hau da su saman bene don su sha iska, rana ta soye su kafin la'asar. Mukhtaru ya leƙa su ya ɗaga kafaɗa, abin ya ci mata rai.

Da zafi ya fara sauka, sai ta shiga motar Ɗa'ifa ba don biki ba, ta koma gidan nan na Shafa ta nemi tsohuwar da ke da shukar. Tsohuwar ta saurari labarin, ta kaɗa kai.

"'Yata, da ƙauna kika kashe su," ta ce da Larabcinta na mutanen dutse. "Huzama ba ta son a shagwaɓa ta."

Ta nuna mata komai da hannu. A zaɓi reshen da bai yi fure ba, wanda ƙasansa ya fara tauri amma kansa na lanƙwasa. A yanke tsawon yatsa, daidai ƙarƙashin gaɓa. A tsige ganyen rabi na ƙasa. Yashi ya fi ƙasa yawa. Haske, amma ban da rana. Ruwa kuwa, sai yatsa ya shiga ya fito a bushe.

Hajara ta dawo da sababbin rassa, ta tara kofunan nono goma sha biyu, ta huda gindinsu da ƙusa mai zafi. Ta wanke yashi, ta tsoma kowane reshe cikin zuma da ɗan garin kirfa, ta soka, ta jera su a matakalar bene inda haske ke shigowa ta gefe. Ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa take tara musu, don ba shi da gishiri. Abin da ya fi mata wuya shi ne ta riƙe buta a hannu ta wuce su ba ta zuba ba. Huɗu suka bushe a mako na biyu. Sauran suka tsaya cik, ba su girma ba, ba su mutu ba, har ta fara zargin ko sanduna take gadi.

Ranar wata Juma'a, mako na shida, Mukhtaru ya zo cin abinci bayan an sauko daga Harami. Ya tsuguna gaban kofunan, ya kama reshe ɗaya da yatsu biyu zai zare ya nuna mata babu saiwa. Reshen ya ƙi fitowa. Ya sake ja a hankali, kofin ya biyo hannunsa. Ya juya shi, sai ga fararen saiwoyi sun leƙo ta hudar gindi kamar zaren auduga.

"Masha Allah! Yaya, ta kama!"

"Sake mini ita kafin ka karya," in ji Hajara. Ta juya baya tana gyara mayafi don kada ya ga idonta.

Sauran yaƙin na watannin zafi ne. Ta mayar da su manyan tukwane, ta yi musu rumfa da tsohon farin haramin aikin hajjin marigayi mijinta, tana jiƙa shi da azahar. Uku suka tafi a watan Yuli. Biyar suka tsallake. Da sanyi ya zagayo, wata safiya ta hau shanya sai ta tarar da kawunan shuɗin fure guda bakwai suna kaɗawa, ga ƙudan zuma guda, Allah kaɗai ya san daga inda ya fito a tsakiyar Kudai. Ta saki guɗa, har maƙwabciyarta Samah ta hauro da ludayi a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Kafin mako ya ƙare matan benen duk sun kawo kofunansu. Mukhtaru ma ya zo da almakashin wurin aikinsa, ya tsaya a bayan mata yana sosa ƙeya. Da layi ya zo kansa ya kai hannu zai yanki reshe mai fure, Hajara ta buge masa hannu.

"Ba wannan ba. Matso nan ka gani."

Ya matso, ya tsuguna, ta ɗora masa yatsa a kan gaɓar.