Hoton Baba a Bakin Ƙofa

Tun da aka yi wa Baba aikin ido likita ya hana a haska masa filasha. Ɗakinsa kuwa taga ɗaya ce, ita ma kabad ya tare rabinta. Shi ya sa Mai Hoto, ɗansa na tsakiya, ya karaɗe gari har ya samo fim mai launi, irin mai saurin kama haske, wanda ɗan hasken taga ma ya ishe shi. An manta rabon da 'ya'yan Baba su haɗu gaba ɗaya, gobe kowa zai kama hanya, tsohon kuma kullum ƙara ramewa yake.

Mai Hoto ya wangale idon kyamara daidai duhun ɗakin. Sai ga Yaya, babbansu.

"A nan za ka ɗauke mu? Jemagu ne mu?"

"Yaya, fim ɗin don irin wannan ɗaki aka yi shi."

"Duk shekarunka a sana'a ba ka san hoto sai da rana ba? A sa wa Baba baƙin tabarau, ku kama kujerarsa a fito da shi tsakar gida."

Furfurar Mai Hoto ta fi ta Yaya yawa, amma a gidan nan har yau shi ake aika sayen ashana. Don haushi ya danna sau ɗaya suna kokawa da kujerar a bakin ƙofa, sannan ya bi su tsakar gida yana bayani. Yana bayani suka jera, yana bayani ya ƙarar da fim ɗin. Idon da ya bari a wangale bai faɗo masa ba sai a shagon wankin hoto.

"Abokina," in ji mai wankin, "mutane ka ɗauka ko ranar?"

Duk sun fito fari fat, ban da na bakin ƙofa. Ga Baba a sama kan kujera, launin rigarsa ras, Auta ta riƙe masa hula. Yaya kuwa ya duƙa, bayansa ya cinye rabin hoton.

Da labari ya kai wa Yaya sai ya bugo waya. "Ba na faɗa maka ba? Fim ɗin banza."

Mai Hoto ya ɗauki na bakin ƙofar ya kai wa Baba.

Baba ya daɗe yana duban hoton daf da hancinsa.

"A ƙara masa girma," ya ce. "Yayanka ya fito sosai. Dama ta baya na fi ganinsa, yana fita."