Madarar Harnam Kaur

Cikin mako biyu yara bakwai suka kwanta da taifot a layin masu wanki, kuma Thambiah, duba-garin wannan ɓangare na birnin Ipoh, ya kasa zama wuri ɗaya. Shekara ta biyu ke nan da sojojin Japan suka karɓe garin. Ofishin lafiya na nan, sai dai ba magani, takarda ma sai an juya bayan tsohuwa. Ya bi gidajen ɗai-ɗai a kan kekensa da aka naɗa wa igiya a madadin taya. Rijiyarsu ba ɗaya ba ce, abincinsu rogo kamar na kowa. Madara ce ta haɗa su, duk a hannun Harnam Kaur suke karɓa, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata shanu shida a bayan wani tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya taru a ciki.

Da hantsi ya same ta tana ɗauraye tuluna.

"Malam duba-gari, yau kuma wa ya mutu?" in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba wanda ya mutu tukuna, Yaya. Miƙo min tulun madarar can."

Ya tsoma ma'auninsa na gilashi mai gwada kaurin madara, ya nutse har ya wuce alamar da ya kamata ya tsaya.

"Kusan rabi ruwa ne."

"To ka kai saniyar ƙara. Ita ke shan ruwa kamar raƙumi."

"Ruwan ina kike zubawa?"

Idonta ne ya kai ga ramin kuza, inda kwatar unguwa duka ke gangarawa. Ya gane daga can take ɗebowa.

Sai ta buɗe baki. Kullum da safe sojoji na ɗaukar tulu biyu na madara zalla, shanu kuma sun rame, ba dusa. Abin da ya saura shi take ja da ruwa ya ishi gida arba'in. "Wace uwa zan ce wa yau babu? Kai za ka je ka gaya mata?"

Thambiah ya yi ta kai-komo tsakanin turke da ƙofa. Doka ta ce ya rubuta sunanta. Amma a watan jiya ya rubuta sunan wani mai madara, aka kwashe shanunsa, aka yi masa dukan da har yau ba ya ji da kunne ɗaya. In aka kwashe waɗannan, jariran layin sai ruwan rogo.

Ya ɗaga tulun ya tuttular a ƙasa, ya bi sauran.

"Da mijina na raye da ba ka taɓa tulun nan ba."

"Da yana raye da shi zan fara kamawa. Ba shi ya koya miki ba?"

Ta murguɗa baki.

Ya gindaya mata sharaɗi: daga gobe kowane tulu sai ya biyo ta gidansa, matarsa Ponnammah ta tafasa. In ƙarin ruwa ya zama dole, to na famfonsa. A takardar ofis ya rubuta cewa ramin kuza ne tushen cutar, a kewaye shi da waya. Bai sa sunan kowa ba.

Yara biyu suka ƙara kamuwa, daga nan cutar ta tsaya. Amma 'yar wani mai wanki, wadda ta fara kwantawa, ta cika a kwana na tara. Harnam Kaur ta je gaisuwa, ta tsaya nesa ta rufe kai da mayafi. Uwar yarinyar ba ta san madarar ce sanadi ba, har ta aika a ba ta wurin zama. Thambiah na kallo, ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

Sau biyu bayan haka ya kama ta da tulun da bai biyo ta gidansa ba, sau biyun ya zubar. Da maƙwabta suka fara tambayar hayaƙin da ke tashi daga gidansa kowace safiya, har wani magatakardan sojoji ya leƙo, sai ya ɗauke tukunyar tafasar ya mayar bayan ɗakin ibadar mabiya addinin Sikh, inda Harnam Kaur ke zuwa ibada. Can aka ci gaba da tafasawa har yaƙi ya ƙare.