Gwajin Nasiba a Ƙarƙashin Rakuba

Jummare ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, amma ta san ranar da aka gwada sirfar ɗin sharikar noma, wato kamfanin noma, domin a tsakar gidanta aka yi gwajin, kuma 'yarta Nasiba ce ta yi shi.

Sharikar tana da gonakin dawa da riɗi tun daga Doka har Fashaga. Da can ofishinta yana Khartum, wasu ƙwararru suna kula mata da na'urori. Da yaƙi ya tashi, ofis ya tafi, ƙwararru suka watse, mudir, wato manaja, Ustaz Kassim ya sauka Gadarif, garinsu Jummare, da takardu cikin kwali. Nasiba ta gama karatun kwamfuta ke nan. Ya ɗauke ta a kan gwaji, ya ce ta duba musu wani sirfar na kyauta, ta rubuta ko zai ɗauki aikinsu. In takardarta ta yi kyau, a tabbatar da ita.

"Shi sirfar ɗin nan mene ne?" Jummare ta tambaye ta.

"Inna, kamar mai tsaron ƙofa ne. Wakilin kowace gona zai aiko sunayen ma'aikatansa da lorin da yake buƙata, shi kuma ya karɓa ya miƙa inda ya dace. Wannan buɗaɗɗe ne, kowa a duniya yana iya leƙa cikinsa ya gyara."

"Kowa ya sa hannu? Ba zai lalace ba?"

"Kowa yana gani, shi ya sa ɓarna ba ta ɓoyuwa. Kuma Inna, sunana zai hau shafin farko na takardar. Nasiba Harun Cindo."

Jummare ta tuna baya. Harun, mijinta, shekara talatin yana yankan dawa a gonakin nan, har ya rasu sunansa bai taɓa hawa takardar sharika ba. Wakili yakan rubuta "mutum arba'in" ne kawai.

A ofis mutum uku suka gwada sirfar, ya yi aiki lafiya. Ustaz Kassim ya ce shi ke nan, ta rubuta. Nasiba ta ƙi. Ta ce shi bai san darat ba, lokacin girbi. Wakilai ba sa aiko saƙo ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan la'asar, in sun fito daga gona sun hau tudu neman shabaka, wato sabis ɗin waya, duk su aiko lokaci guda, da tsofaffin wayoyi masu fasassun fuska.

Irin waɗannan wayoyin kuwa suna hannun matan unguwa. Ranar Juma'a, da suka taru shan jabana, kofin gargajiya, a ƙarƙashin rakubar Jummare, rumfar tsakar gidanta, Nasiba ta bi su ɗaya-ɗaya tana sa musu wani koren maɓalli a waya. Ta ce dannawa ɗaya tana aika sunaye ɗari biyar na ƙarya.

"Yau kuma ƙarya aka gayyace mu?" in ji Ma'u maƙwabciyarsu. "Da kin faɗa tun farko, da na kira surukata."

Aka fashe da dariya. Jannatu, wata maƙwabciyar, ta ce ita wayarta ko kiran mijinta ba ta ɗauka. Ma'u ta ce wannan ba laifin waya ba ne.

Nasiba ta ɗora kwamfuta a kan angareb, gadon igiya, ta ce, "Iyayena, in na ce uku, ku danna tare. Ɗaya, biyu..."

"Na riga na danna," in ji Ma'u.

"Gwaggo Ma'u, don Allah!"

A karo na biyu suka danna tare, su goma sha shida. Sirfar ya tsaya cik. Jummare ta ji kunya, ta ɗauka aikin 'yarta ne ya faɗi a gaban mutane. Sai ta ga Nasiba tana tafi. Ta ce abin da take nema ke nan: in shabaka ta yanke a tsakiyar saƙo, sirfar yana tsayawa jiran wannan wayar, sauran su taru a bayanta.

Mako biyu tana gyara. Juma'a ta uku matan suka danna har kofi ya huce, sirfar bai ko girgiza ba. Kowace waya ta nuna "an karɓa".

Duk da haka ta ce sai ta gwada a gona. Ta hau lori zuwa Fashaga, ta yi kwana goma a bukkar ma'aikata, ba gidan sauro, domin sharika ta ce ma'aikacin dindindin kaɗai ake ba. Ta dawo lafiya. Bayan wata guda zazzaɓi ya kama ta. Aka sha maganin malariya sau biyu, bai sauka ba. Tana kwance, cikinta ya kumbura, ta ƙarasa takardar, ta ba Alaa, abokiyar aikinta, ta kai ofis. Da aka je mustashfa, wato asibiti, suka ce kala-azar ne, cutar da cizon wani ƙaramin ƙwaron daji ke kawowa, kuma an makara. Ta rasu ana tsakiyar yankan dawa.

Bayan kwana arba'in Jummare ta yafa tob ta tafi ofishin. Abu ɗaya ya kai ta. Karatunta na allo ne, amma ta san zubin sunan 'yarta da na mijinta a harufan Larabci, irin na takardun sharika.

Ustaz Kassim ya miƙe ya yi mata ta'aziyya, ya sa aka kawo shayi. Ya ce sun ɗauki sirfar, darat ta wuce bai faɗi ko sau ɗaya ba, manya sun yaba.

"Alhamdu lillahi. Ustaz, a nuna mini takardar."

Ya ciro ta. Jummare ta bi shafin farko da yatsa, layi-layi. Ta juya na biyu. Ta juya har ƙarshe, ta dawo farko.

"Ina sunanta?"

"Hajja, wannan aikin lajna ne, kwamiti. Mu uku muka sa hannu."

"Ku ukun da kuka danna a ofis?"

"Hajja..."

"A gidana aka gwada shi. Ni na soya kofin. Mu goma sha shida muka kayar da shi, ita ta tayar da shi. A cikin ku wa ya kwana Fashaga?"

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. Ya ce ƙa'ida ce, wanda ba a tabbatar ba sunansa ba ya hawa takardar da ke zuwa wurin manya. Da Allah ya ba ta rai wata ɗaya, da an tabbatar da ita.

"Yanzu a ƙara shi, da biro ma."

"An riga an buga hatimi, Hajja. Allah ya jiƙanta."

Ba ta sha shayin ba. A bakin titi Alaa ta cim mata, tana haki.

"Khala, tsaya ki gani." Ta miƙo waya. Ta ce Nasiba ta aika wa masu sirfar gyaran da ta yi, sun karɓa, kuma al'adarsu ce duk wanda ya gyara a rubuta sunansa, ba mai goge shi. "Ga shi nan. Har da na Baba Harun."

Jummare ta duba. Rubutun boko ne, ƙanana, jere kamar tururuwa.

"Wanne ne nata?"

Alaa ta ɗora farce a kan wani layi. Jummare ta daɗe tana kallonsa. Bai yi kama da komai da ta sani ba.

"Su mutanen nan sun san ta rasu?"

"A'a, Khala."

"Sun san inda Gadarif take?"

Jummare ta mayar mata da wayar, ta ce ta gode, ta kama hanya a ƙafa.

Ranar Juma'a matan suka zo kamar kullum. Ma'u ba ta yi zolaya ba. Ta ce ɗanta ya dawo daga Doka, wai bana an rubuta kowa da sunansa, har da na ubansa. Jummare ta ce madalla. Da suka tafi ta ɗauko wayarta. Koren maɓallin yana nan. Ta danna. Kafin ta ɗaga yatsa ya nuna "an karɓa".

Ta kifa wayar a kan angareb, ta tashi wanke kofuna.